Ranar da Baba Ya Kai Gudumarsa Abaji

Mun tashi ana fitowa daga sallar asuba ranar Asabar, Gwarinpa a jiƙe sharkaf da ruwan da aka yi kafin gari ya waye. Fitilun kan titi ba su mutu ba tukuna, haskensu na kwance a cikin kwatamin ruwa, masu shayi kuma suna ta fifita gawayin da ya sha laima ya ƙi kamawa. Mu huɗu ne a motar. Kawu, ƙanin Mama, shi ne direba. Baba na zaune a gaba, ni da Yayata muna baya. Sai kuma wata tsohuwar guduma mai dogon ƙota da Baba ya naɗe a cikin buhu. Kawu ya ce a sa ta a but ɗin mota, Baba ya ce a cinyarsa za ta zauna.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san ina son hanya ko da babu dalili. Wannan tafiyar kuwa da dalilinta, kuma sai na faɗa muku shi kafin mu fita daga unguwa.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Tun yana saurayi ya shiga, har ya zama heluma, wato shugaban leburorin da ke kula da dogo, a tsohon layin da ke tsakanin Minna da Kaduna. Aikinsa shi ne ya bi layi da ƙafa yana bugun gumaguman katakon da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin dogo, ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya yana amsawa da ƙara. Wanda gara ko ruwa suka cinye cikinsa sai ya amsa a dushe, Baba ya ja masa alama da alli, a zo a cire shi. Yayata kuma injiniya ce. Tana da kujerarta a wata ma'aikatar gwamnati, da na'urar sanyaya ɗaki da komai, sai ta ɗauki dogon hutu ta tafi wani ɗan wurin gwaji a bayan garin Abaji, inda ake niƙa tsofaffin tayoyin mota a yi irin waɗannan gumaguman da su a maimakon katako. Hutun nata zai ƙare ranar Litinin. Ita tana so ta ajiye aikin ofis ta zauna a can gaba ɗaya. Baba ya ce ba a yi karatu don a koma tsintar taya a bola ba. Da ƙyar Mama ta shawo kansa ya yarda zai je ya gani da idonsa. In ya ce abin kirki ne, ta kai takardar ajiye aiki. In ya ce a'a, ta koma kujerarta, maganar ta mutu. Yaya ba ta taɓa tsallake maganar Baba ba, kuma duk mun san ba za ta fara yanzu ba.

Akwai wani abu kuma. Yaya ita ce 'yar fari, Baba kuwa mutumin da ne mai alkunya. Tunda nake ban taɓa jin ya kira sunanta ba, ban taɓa jin ya yabe ta a gabanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko da tana tsaye a gefensa.

Muka ɗauki babban titin Kubwa. Hanya fayau, sai motocin haya jefi-jefi da masu gudun motsa jiki. Duwatsun gefen titi sun yi kore shar, hazon damina ya sauko musu har kafaɗa. Ni dai zuciyata sai tsalle take yi, don ban taɓa wuce Gwagwalada ta wannan ɓangaren ba. A daidai Kubwa muka hango sabon layin jirgi, gumagumansa na siminti a jere fari tas. Baba ya bi su da kallo har suka ɓace.

"Siminti na yarda da shi, ɗan'uwan dutse ne," in ji shi. "Katako kuwa na san shi ya san ni. Amma taya?"

Kawu ya leƙo ta madubi ya ce, "Injiniya, in kayan aiki sun yanke muku, ga tayoyin motata huɗun nan. Sun suɗe kamar kan liman, yau ko gobe ne."

Na yi dariya, Yaya ta yi murmushin da bai kai ido ba.

A Dei-dei Baba ya sauke gilashi saboda ƙamshin kasuwar katako. Ruwa ya jiƙa garin zarto, ƙamshin ya cika hanya. Ya shaƙa ya fara kiran sunayen itatuwa kamar mai lissafa abokan ƙuruciya: wannan maɗaci ne, wancan doka, kirya kuwa ba a samunta yanzu sai an sha wahala. Ya ce a zamaninsu in aka sauke sabon gungume, mutum huɗu ke ɗauka suna waƙa. Ya ce yanzu dazuzzukan da ake sarowa duk sun zama gonaki.

Zuba ta riga ta farka. Manyan motoci suna sauke ayaba da abarba da kankana, 'yan dako suna gudu da baro, kowa na ihu da harshensa, Hausa ce kawai ke haɗa su. Dutsen Zuma na tsaye a can gefe, gajimare ya naɗa masa rawani. Na sayi nonon ayaba guda da dafaffiyar gyaɗa, abin da a Gwarinpa sai ka yi ciniki har murya ta dushe, a nan kuwa mai sayarwar har gyara ta ƙara mini don na gaishe ta da kyau. Daga nan muka karkata kudu. Gwagwalada ta tarbe mu da cunkoso da zafi, tun rana ba ta gama ɗagawa ba. Tireloli sun yi layi, 'yan keke suna kutsawa ta inda ko akuya sai ta yi tunani. Kawu ya yi ta yi musu wa'azi ta taga, ba wanda ya tuba.

Bayan Gwagwalada ne ƙasar ta buɗe. Wayyo, ku zo ku ga Kwali da damina! Tudu bayan tudu, gonakin doya da kunyoyinsu manya kamar ƙananan bukkoki, ganyen ya hau sanduna yana lilo. Matan Gbagyi suna tafe a bakin titi da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, bayansu a miƙe. Tukwanen ƙasa jajaye a jere ana jiran mai saye. Na manna goshina a gilashi, na manta da abin da ke cikin motar na ɗan lokaci.

A wannan hanyar ne kuma idona ya buɗe ga wani abu da nake wucewa kullum ban gani ba. Tayoyi. Ko'ina tayoyi. Tuli a bayan rumfar mai faci. A kan rufin kwano an danne kada iska ta yaye. A bakin rijiya. A cikin rafi, rabi a binne, ruwa ya kwanta a ciki sauro na biki. Na fara tunanin kowace ɗaya da inda ta je a rayuwarta. Wata ta sha zuwa Legas da tumatir, wata ta kai amarya Jos, wata ta san kowane rami tsakanin Lokoja da Kano. Yanzu duk sun zauna a bakin hanya suna kallon ƙannensu na wucewa. Na raɗa wa Yaya wannan tunanin. Ta ce, "Ke dai da mafarki." Amma ta riƙe hannuna.

Mun isa Abaji da hantsi. Gari ne na matafiya, duk motar da za ta kudu ko ta fito daga can sai ta ja numfashi a nan. Doya tuli-tuli, manja a jarkoki, garin rogo fari da ja a manyan kwanuka. Muka zauna a bencin wata mata mai gasa doya. Ta kankare baƙin, ta yanka, ta zuba manja da yaji da albasa. Ban san yunwa ce ko iskar wurin ba, amma ban taɓa cin doya mai gari irin wannan ba, tana narkewa a baki. Kawu ya ci nasa ya ci rabin na Yaya, wai kada a yi almubazzaranci. Baba ya sha shayi kawai, gudumarsa a jingine da gwiwarsa.

Daga babban titi muka sauka wata hanyar ƙasa mai santsi. Kafin mu ga wurin mun ji warinsa, irin na sabon takalmin roba da aka bari a rana. Sai ga dutsen tayoyi, baƙi ƙirin, ya fi rufin rumfar tsawo. Gabana ya faɗi, don daidai abin da Baba yake faɗa ne, bola. Na saci kallonsa, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Wadda ta tarbe mu wata mata ce 'yar Filato, gajeriya kakkaura, da takalmin ruwa har gwiwa da ƙaramin gicciye a wuya. Ita ce shugabar ma'aikatan wurin, kowa Madam yake ce mata. Ta rusuna ta gaida Baba, ta ce, "Dadi, sannu da zuwa. Injiniya kullum yana maganarka, har mun gaji." Ta raba mana hular kwano. Baba ya ce hularsa ta ishe shi.

Nan fa farin cikina ya dawo, don abin kallo ne. Wani inji yana yanka taya gunduwa-gunduwa kamar mahauci. Wani yana niƙawa. Daga nan garin ya bi ta ƙarƙashin maganaɗisu, sai ka ga siraran wayoyin da ke cikin taya suna tashi da kansu suna mannewa, kamar gashi a jikin mataji. Abin da ya rage baƙin tsaki ne mai laushi, na cusa hannuna a ciki har wuyan hannu. Ana haɗa shi da niƙaƙƙen robar fasassun kujeru da bokitai, a dafa har ya yi danƙo, a zuba a dogon mazubin ƙarfe, a danne da wani inji mai nishi, sannan a tsoma a kwamin ruwa ya huce. Yaya ce ke bayani. Muryarta da ta ɓace tun Gwarinpa ta dawo. Ta ce gara ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi, kuma ba a sare ko reshe ɗaya ba kafin a same shi. Na taɓa wani da bai daɗe da fitowa ba. Da ɗumi, kamar bayan saniyar da ta kwanta a rana. Na so in rungume shi, kunya ta hana ni.

Daga nan muka zaga bayan rumfar. A can suka shimfiɗa ɗan gajeren layin gwaji, da tsakuwarsa da dogonsa na gaske. Farkonsa tsofaffin gumaguman katako ne guda shida da suka samo don kwatance, sauran ashirin kuma na roba ne. Baba ya kwance buhu. Ya zaro guntun alli daga aljihu ya maƙale a bayan kunne. Wallahi sai na ga ya rage shekaru, tafiyarsa ma ta canza.

Ya bugi katako na farko. Ƙwal! Ya gyaɗa kai. Na biyu, ƙwal. Na huɗu ya amsa da wani dum, kamar an bugi tulun da ya tsage. Baba ya ja masa alli. Madam ta tafa hannu ta ce gaskiya ne, wannan gara ta gama da cikinsa, sun bar shi ne da gangan. Ma'aikata suka fara taruwa. Sai ya taka kan na roba na farko, ya ɗaga guduma ya sauke.

Dif.

Babu ƙara, babu amo. Gudumar ma sai da ta ɗan yi tsalle ta dawo. Baba ya sake bugawa. Dif. Ya sunkuya ya ja alli. Na biyu, dif, alli. Na uku, alli. Haka ya bi su har ashirin, ba sauri ba jinkiri, farin layi a kan baƙar roba, kowanne ina jin sa a ƙirjina. Da ya kai ƙarshe ya juyo ya ce, "Duk a cire. Babu mai rai ko ɗaya."

Madam ta riƙe ƙugu. "Dadi, wannan fa ba itace ba ne. Taya ne. Taya ba ya kuka."

"Madam, shekarun da na yi ina bugun gungume sun fi shekarunki a duniya."

"To ai katako ka buga, Dadi. Ni taya na sani. Ka taɓa buga tayan mota ya ce maka ƙwal?"

Ma'aikata suka ƙunshe dariya. Baba bai yi ba. Ya ce shi abin da ya sani, gungumen da ya amsa a dushe ba a ɗora masa jirgi da rayukan mutane. Ya naɗe gudumarsa ya nufi gindin wata bishiyar mangwaro don lokacin azahar ya yi.

Na sami Yaya a ɗan ofishinsu, ta cire hular kwano tana jujjuya ta a hannu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Shi ke nan. Litinin sai in koma jiran fayil." Na ce ta je ta yi masa bayani, roba ai dole ta shanye ƙara, amfaninta ke nan ma. Ta ce Baba ba ya jin bayani a kan dogo, kunnensa kawai yake ji. Muka yi sallah a nan, muna cikin yi ruwa ya sauko, irin mai ƙarfi mai saurin wucewa. Kwanon rufin ya yi ta kiɗa, ni kuwa addu'a ɗaya nake ta maimaitawa.

Da ruwan ya ɗauke muka fito, sai muka tarar da Baba tsaye a bakin layin, gefen rigarsa a jiƙe, yana kallon ƙasa. Ashe a aikinsu bayan ruwa ne ruɓaɓɓen gungume ke tona asirin kansa. In nauyi ya bi ta kansa sai ya nutse, ya tofo taɓo ta gefe. Baba ya san haka, kuma duk taurin kansa ba ya yi wa aiki ƙarya. Ya nuna wata kurar ƙarfe mai tafiya a kan dogo, wadda aka loda wa buhunan tsakuwa, ya ce, "Madam, a turo mini waccan. A hankali."

Maza huɗu suka turo. Baba ya tsuguna, kansa dab da dogo. Kurar ta hau katakon da gara ta ci, sai ga taɓo ya yi tsartuwa har kan takalminsa. Ta wuce kan na roba. Shiru. Ko motsi. Ya ce a koma da ita, a sake. Aka sake har sau uku. Sannan ya ce a kawo dogon ƙarfen da ake cire ƙusar dogo da shi, don ruɓaɓɓen gungume ba ya riƙe ƙusa. A na katakon, ƙusar ta fito kamar haƙorin tsohuwa. A na roba, ma'aikaci ya danna ta ƙi. Kawu ya ce a ba shi wuri, shi ya ci doyar mutum biyu. Ya rataya a jikin ƙarfen da duk nauyinsa, ƙafarsa ta zame, sai ga shi zaune daɓas a cikin taɓo, ƙusa kuwa tana nan inda take. Har Baba sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Ni ma na samu rabona. Madam ta ce in hau kurar. Aka tura ni da gudu, a kan katako haƙorana suna haɗuwa, ƙaraf-ƙaraf, muna shiga kan roba sai komai ya lafa, kamar an shimfiɗa wa ƙarfen darduma. Iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ɗaga mayafina. Layin bai fi tsawon tsakar gida uku ba, amma na rufe ido na ji kamar zan wuce har teku. Na roƙa aka sake tura ni, ban ji kunyar kowa ba.

Da na sauko, Baba ya riga ya kwance buhunsa a karo na biyu. Ya ce kowa ya yi shiru, a kashe injin niƙa. Wannan karon bai ɗaga gudumar sama ba. Ya rufe ido, ya dinga ɗan ƙwanƙwasawa a tsakiya da gefe da gefe, ya bugi wannan ya koma ya bugi na kusa da shi, yana karkata kai. Dif, dif, dif. Ni duk ɗaya nake jin su. Ya wuce na goma, na sha uku. A na sha huɗu ya tsaya. Ya koma na sha uku, ya dawo. Ya tsallaka na sha biyar, ya dawo.

"Wannan ba ya magana irin ta 'yan'uwansa," in ji shi. "Akwai rami a cikinsa, ta nan ɓangaren."

Yaya ta ce an auna shi kamar sauran, bai nuna komai ba. Baba bai kalle ta ba, ya ce shi dai ya faɗa. Madam ta matso kusa da Yaya ta rage murya, amma na ji ta. "Injiniya, ka bari sai sun tafi mu duba. In akwai rami a gaban Dadi, ka san magana ya ƙare."

Yaya ta ce, "A kwance shi. A kawo zarto, yanzu."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ana kwance ƙusoshi da jawo shi ba, na dai san ban zauna ba. Zarton lantarki ya shiga daidai inda Baba ya sa yatsa, baƙin gari na tashi. Gungumen ya rabu biyu. Ga shi nan kuwa, rami mai santsi a tsakiyar robar, lemon zaƙi zai zauna a ciki. Yaya ta durƙusa ta duba, ta ce wannan na ranar da janareta ya tsaya ana tsakiyar dannawa ne, haɗin ya fara hucewa iska ta maƙale. Ta ce duk waɗanda aka zuba a ranar sai an ware su, kuma laifinta ne da ba ta ware su tun a lokacin ba. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ni ce idona ya cika, don na ɗauka komai ya ƙare, ga aibi a fili kowa na gani.

Baba ya tsuguna ya zura yatsu biyu a cikin ramin. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in ya ci Kawu a dara. Ya miƙe, ya ciro hankicinsa, ya bi layin yana goge allin da ruwa bai gama wankewa ba, gungume bayan gungume. Da ya gama ya dawo ya tsaya a gaban Madam, Yaya na gefensa ba ta fi taku ɗaya ba.

"Madam, ki gaya wa injiniyarku, da safe kunnen katako na zo da shi, shi ya sa na yi musu kuɗin goro. Abin nan yana da lafiyarsa, yana da ciwonsa, kuma ana iya jin bambancin. To ana iya aiki da shi." Ya ɗan tsaya. "Ki kuma gaya mata, na yi aiki da injiniyoyi da yawa. Waɗanda za su ce a yanka aikinsu a gaban mutane ba su cika hannu ɗaya ba."

Madam ta juya da gaske, ta fuskanci Yaya, ta ce, "Injiniya, Dadi ya ce in gaya maka..." Dariya ta ƙwace wa kowa, har ita.

Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Ofishin can kuma, a kai musu takarda ranar Litinin su ba wani kujerar. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ya sa albarka a aikin."

Aka amsa da amin, Musulmi da Kirista baki ɗaya. Yaya ta durƙusa har ƙasa a cikin taɓon, ta ce, "Na gode, Baba." Shi kuwa ya shiga neman buhun gudumarsa kamar bai ji ba, ga buhun a hannunsa.

Mun kamo hanya bayan la'asar, Kawu zaune a kan leda saboda wandonsa. A Abaji Yaya ta ce a tsaya, ta sayi doya gasasshiya ta cinye tas, ta ƙara da ayabar Zuba har uku, sannan ta kwantar da kai a kafaɗata ta yi barci tun kafin Kwali. Rana ta yi ja a bayan tuddai, garken shanu na tsallaka titi a natse, tireloli suka tsaya musu. Baba ya yi ta ba Kawu labarin wata gada da suka gyara da damina, labarin da muka ji sau ba adadi, amma ranar har ƙarshe na saurara.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Na ga mutum zai iya ƙwarewa a abu har ƙwarewar ta rufe masa ido ga sabo, kuma ita ce dai za ta sake buɗe masa in ya yarda ya saurara a karo na biyu. Na ga Yayata ta samu abin da take nema a daidai lokacin da ta yarda a ga aibin aikinta. Na kuma gane ƙasar nan da muke zaune a cikinta ta wuce titunan Gwarinpa da Wuse, awa biyu kawai daga ƙofar gidanmu akwai mutanen da ke dafa taya suna mafarkin jirgi.

Ana kiran magariba muka shiga gida. Mama na tsaye a bakin ƙofa, ta kalli fuskar Yaya, ta kalli wandon Kawu, sannan ta ce, "Malam, yaya hanya? Yaya aikin?"

Baba ya cire takalmi ya ce, "Aikin yarinyar nan akwai gyara. Ba su da mai kunne ko ɗaya a wurin. Ki tashe ni da wuri ranar Laraba, akwai waɗanda aka zuba ranar da janareta ya tsaya, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya."